Aikin sanyi da ruwan hunturu a noman ƙasar Faransa

Ɗalibanmu sukan rikita kalmomin Faransanci guda biyu, wato hiver da hivernage. Ta biyun ita ce daminarmu. Ta farkon kuwa hunturun Turai ne, daga Disamba zuwa Maris, inda sanyi da ruwan sama suke zuwa tare, abin da ba mu saba gani ba a nan. A wannan takarda za mu duba aikin da lokacin yake yi wa manomin Faransa, ko da yake a ido gonarsa barci take.

Mu fara da alkama. A filayen Beauce, kudu da Paris, ana shuka ta a Oktoba, ta tsiro, sannan ta dakata. Wannan iri ba ya fid da kai sai ya sha sanyi na makonni da dama tsakanin digiri 0 da 10. Masana na kiran haka vernalisation. Idan sanyin ya gaza, sai ganye ya yi yawa, kai ya makara. Alkamar da ake nomawa a lambunan Ayar ta wani iri ce, ba ta da wannan sharaɗi, saboda haka kada a auna wannan da waccan.

Itatuwa ma haka. Tuffa tana bukatar ɗaruruwan awoyi ƙasa da digiri 7 kafin tohonta ya buɗe bai ɗaya. Akwai kuma haɗarin farkawa da wuri. A ƙarshen Maris na 2021 an yi ɗumi, inabi da itatuwan marmari suka yi toho. A makon farko na Afrilu sanyi mai daskarar da ruwa ya dawo ya ƙone su, aka samu ɗaya daga cikin mafi ƙarancin girbin inabi cikin shekaru masu yawa.

A ganinmu batun ruwa ya fi nauyi. Ruwan da ya sauka lokacin zafi, tsirrai da rana ne suke shanye yawancinsa. Na hunturu, da yake ganye ya zube kuma rana ba ta da ƙarfi, shi ke nutsewa ya cika taskar ruwan ƙarƙashin ƙasa, wadda rijiyoyi, koguna da fadamu suke dogara da ita har Agusta. Ke nan auna ruwan shekara jimilla bai wadatar ba, sai an tambayi watan da ya sauka. Daga 21 ga Janairu zuwa 21 ga Fabrairu 2023, Faransa ta yi kwana 32 a jere ba ruwan kirki, bayan farin 2022. Zuwa farkon Afrilu, hukumar BRGM mai auna waɗannan taskoki ta tarar kashi 75 cikin 100 nasu suna ƙasa da matsayin da aka saba, kuma a wasu jihohi an riga an taƙaita ban ruwa tun zafi bai shigo ba.