Mura da Ƙura: Abin da Ke Tayar da Asma a Hunturu

A hunturun bara, ana saura kwana 2 jarrabawa, mura ta kama abokin ɗakina mai asma. Cikin dare numfashinsa ya sarƙe, sai asibiti. Wallahi na tsorata.

Ga yadda abin yake: ƙwayar bairos mai kawo mura tana raunata fatar cikin hanyoyin iska na huhu. Daga nan ƙura da kashin kyankyaso su samu ƙofar shiga. Garkuwar jiki, wadda dama a fusace take, ta ƙara kumburi da majina, hanya ta tsuke.

To ɗan'uwa mai asma, in mura ta zo, inhela kusa, takunkumi lokacin shara. Antibayotik ba ya kashe bairos. In numfashi ya gagara, kar a jira gari ya waye.