Agege: Sabon malami tsakanin sakin fuska da kwarjini

A Zangon Agege da ke Legas, inda Hausawa suka kafu tun zamanin fataucin goro, sabon malami ɗan unguwa yakan tarar da ɗalibansa sun riga sun san shi. Layinsu ɗaya, masallacinsu ɗaya, wasu ma "Yaya" suke kiransa. Wannan sabo yana sa yaro ya faɗi abin da ya shige masa duhu ba tare da fargaba ba, amma idan ya wuce gona da iri sai ya haifar da raini.

A da bulala ce ke raba gardama. Tun shekarar 2022 gwamnatin Jihar Legas ta haramta dukan ɗalibai a makarantu, don haka dole malami ya nemi kwarjini ta wata hanya: ya shiga aji a kan lokaci da darasinsa a shirye, ya kafa ƙa'idoji kaɗan tun makon farko, ya zartar da su a kan kowa, har da ɗan maƙwabcinsa. Idan zai tsawatar, ya keɓe yaron. Wanda aka kunyata a gaban abokansa taurin kai yake ƙarawa.

Lamarin ya shafi Abuja. Hukumar NYSC, wadda aka kafa a 1973, tana tura masu yi wa ƙasa hidima makarantu bayan makonni uku a sansani, alhali da yawansu ba fannin koyarwa suka karanta ba. Haɗa kowannensu da gogaggen malami a zangon karatu na farko zai rage musu lalube cikin duhu.