Katafilar da ba direba a kanta

A ranar 3 ga Yunin 1991, dutsen Unzen da ke kudancin Japan ya yi aman toka mai zafi da ta gangaro kamar ambaliya, ta hallaka mutum 43. Bayan haka duk ruwan sama da ya sauka sai ya kwaso laka da duwatsu zuwa kogin Mizunashi, ya binne gidaje da gonaki. Dole a kwashe tarkacen, amma wa zai hau katafila a inda dutsen ke iya sake tashi kowane lokaci?

Sai injiniyoyi suka sauke direba daga kan injin. Aka ɗora wa katafila da motar haƙa da tifa kamarori da na'urar karɓar umarni ta rediyo, direban ya koma wani ɗaki nesa da haɗari yana tuƙi ta allo. Da wannan dabara aka gina madatsun tare laka, kuma an sake amfani da ita wajen kwashe ɓaraguzai a tashar nukiliyar Fukushima a 2011.

Aikin bai kai na hannu sauri ba. Mai kallon allo ba ya jin ƙasa tana lotsawa a ƙarƙashinsa, kuma hoto kan ɗan makara.

Shi ya sa yanzu ake koya wa injin tuƙa kansa. A aikin gina madatsar ruwa ta Naruse a Japan, kamfanin Kajima ya riƙa ba injuna taswirar aiki, su dogara da tauraron ɗan adam su baza cakuɗen siminti da yashi da tsakuwa su danne shi, mutane kaɗan na sa ido. Sojoji ma na son fasahar, musamman wajen share hanyar da ake zargin an binne nakiya.