Ko Ka Sani? 'Yar Ƙwaƙwalwar da Ke Tuƙa Famfon Sola a Gonakin Garun Malam

Ko ka san cewa a cikin akwatin nan da ake ratayawa ƙarƙashin farantan sola, a bakin gonar tumatir ko ta albasa, akwai cikakkiyar kwamfuta wadda sau da yawa ba ta wuce girman farcen babban yatsa ba? Masu gyara suna ce mata aisi, injiniyoyi kuma maikurokantirola. Ita ce ke tayar da famfo da hantsi, ta sassauta masa idan hazo ya dushe rana, ta kashe shi idan ruwan rijiya ya janye.

A yankin Garun Malam da Kura da Bunkure, ruwan madatsar Tiga da ƙafarsa yake gangarowa ta magudanai. Amma wanda gonarsa ke kan tudu, ko can ƙarshen layi, dole ya nemi inji. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, hankalin manoman rani ya ƙara karkata ga famfon sola, ta haka 'yar na'urar nan ta shigo gona ba tare da an lura da ita ba.

Sa'ar madatsar Tiga ce. A 1974, shekarar da aka kammala madatsar a zamanin Gwamna Audu Baƙo, kamfanin Texas Instruments na Amurka ya fito da TMS1000 kasuwa, ɗaya daga cikin na farko a irinta. A 1980 Intel ya kawo 8051, wadda har gobe ake ƙera jikokinta.

Me ke cikinta? Mu ɗauki ATmega328P, wadda ke kan allon Arduino Uno da ɗalibai ke koyo da shi. Baƙa ce 'yar siririya, ƙafafunta 28. Akwai sashen lissafi, mai bin umarni ɗaya bayan ɗaya, wanda agogon da ke kan allon ke buga masa sau miliyan 16 a daƙiƙa guda. Sai rumbuna uku. Na farko, mai kilobayit 32, yana riƙe da umarnin aiki, ba ya mantuwa ko wuta ta ɗauke. Na biyu kamar allon makaranta yake, a rubuta a wanke, kilobayit 2 kacal. Wannan rubutun da kake karantawa ba zai shige shi ba. Na uku, mai kilobayit 1, yana ajiye saitin da mai na'ura ya zaɓa. Hanyar da umarni ke bi daban, ta bayanai daban, kamar magudanai biyu da kowace ke da ruwanta, shi ya sa aiki ba ya cunkushewa.

Ƙafafun nan su ne idanunta da hannayenta. Wasu suna auna ƙarfin wuta, su mayar da shi lamba daga 0 zuwa 1023, don ita lamba kaɗai take ganewa. Da haka irin wannan ƙwaƙwalwa ke sanin abin da farantai ke bayarwa a kowane lokaci, ta yi ta lalube har ta gano inda za ta tatsi wuta mafi yawa. Wasu ƙafafun kuma suna kunnawa da kashewa sau dubbai a daƙiƙa. Ka tuna yadda mai ban-ruwa ke buɗe bakin kwami da fartanya, ya toshe idan ya cika: gwargwadon daɗewar buɗewa, gwargwadon ruwan da ya shiga. Haka take auna wa injin famfo wuta, gudunsa ya ƙaru ko ya ragu.

Idan rijiya ta ƙafe, famfo yakan juya fayau ba nauyi, wutar da yake ja ta faɗi. Nan take ta gane, ta tsayar da shi kafin ya ƙone, ta jira ruwa ya taru, ta sake gwadawa. Har mai gadi take da shi a ciki: wani ɗan agogo da dole ta riƙa taɓawa a kai a kai. Ta rikice ta daina taɓa shi, sai ya tashe ta daga farko, aiki ya ci gaba ko mai gona yana Kwanar Gafan wajen cinikin tumatir.

Maƙiyanta ruwa da tsananin zafi da tsawa. A sa akwatin a inuwa, a ɗaga shi daga ƙasa, a bar masa hanyar iska.

Duk wannan basira, mutum ne ya zauna ya rubuta mata. Wanda ya rubuta kuwa galibi bai taɓa ganin yadda ƙasar yankin nan ke shan ruwa a watan Maris ba. Yaron da ya tashi da fartanya a hannu ya san lokacin da albasa ta ƙoshi, ya san lokacin da tumatir ke ƙishi. A ba shi allon Arduino da ma'aunin danshin ƙasa da malami mai haƙuri, zai koya wa 'yar ƙwaƙwalwar nan ban-ruwa irin na gidansu.