Lokacin Zaman Jarrabawar Shiga Makarantar Likitanci a Amurka

A Nijeriya ɗalibi yakan nemi karatun likita ne da zarar ya gama sakandare. A Amurka sai ya fara yin digirin farko na shekara huɗu, a cikinsa kuma ya ɗauki darussan kimiyya da makarantun likitanci suka gindaya, watau ilmin halittu, da fiziks, da kemistiri. Sa'an nan ya zauna jarrabawar da ake kira MCAT, wadda Ƙungiyar Kwalejojin Likitanci ta Amurka take shiryawa. Sashe huɗu gare ta, takan ci wajen awa bakwai da rabi, jimillar makinta kuwa daga 472 ne zuwa 528.

Wahalar tana wajen zaɓen lokaci. Kemistiri hawa-hawa yake: na share fage a shekarar farko, na sinadaran kabon a ta biyu, sa'an nan bayokemistiri, watau ilmin sinadaran jikin mai rai, wanda galibi sai a shekara ta uku ake kai gare shi. To, tun da aka sake fasalin jarrabawar a 2015, wannan hawa na ƙarshe ya sami babban rabo a cikinta, aka kuma ƙara da ilmin halayyar ɗan Adam da na zamantakewa. Waɗannan biyun mai himma yana iya karanta su da kansa. Bayokemistiri kuwa da wuya ya zauna a kan wanda bai sha shi a aji ba.

Ga kuma matsi daga ɗaya gefen. Mai son zarcewa kai tsaye bayan digiri dole ya miƙa takardun nema a ƙarshen shekararsa ta uku, wajen watan Yuni, gama makarantu da yawa suna duba takardu ne bi da bi yadda suka iso, wanda ya makara sai ya tarar gurabe sun ragu. Sakamako kuma yakan ɗauki kimanin wata guda kafin ya fito. Ke nan Afrilu ko Mayu ne lokacinsa, daidai sa'ad da jarrabawar aji take kansa.

Wasu sukan ce a zauna da wuri, in ta ɓaci a sake. Wannan shawara tana da rauni, domin makarantu suna ganin kowane sakamako, ba mai kyawun kaɗai ba, kuma sau uku kawai aka yarda a zauna a shekara, sau bakwai a tsawon rayuwa. Wanda kuma ya ci da wuri sa'an nan ya jinkirta nema yana iya yin asara, gama yawancin makarantu ba sa karɓar sakamakon da ya wuce shekara biyu ko uku.

Saboda haka wanda bai kammala bayokemistiri ba kafin Afrilun shekara ta uku, abin da ya fi masa shi ne ya zauna a hutun bayanta, tsakanin Yuli da Satumba, ya nemi shiga a Yunin da ke biye. Zai yi zaman shekara guda bayan digiri, abin da ɗalibai da yawa suke yi yanzu, suna aiki a asibiti ko ɗakin bincike.