Dalma da Zaiba: Sana'ar Zinariya a Tungar Guru da Sabon Ilmin Haɗa Sinadarai

Tungar Guru wani ɗan ƙauye ne a ƙasar Bukkuyum, cikin yammacin Jihar Zamfara. Sunan ma kansa ya nuna asalinsa, gama tunga a Hausa ita ce 'yar ƙaramar alƙarya wadda manoma kan kafa a gefen daji domin kusantar gonakinsu. Da ba a san shi ba sai a kasuwannin da ke kewaye da shi. Amma a cikin shekara ta 2010 sai sunansa ya shiga littattafan likitoci na duniya, tare da na 'Yargalma, da Dareta, da Abare, da Sunke, da Duza, da Tungar Daji, da Bagega, a kan wata masifa wadda ta hallaka yara kimanin 400.

Ga yadda abin ya faro. A shekara ta 2001 oza ɗaya ta zinariya ba ta kai dala 300 ba, amma kafin tsakiyar 2010 ta haura dala 1,200. Da manoman ƙasar Anka da Bukkuyum suka ga dutsen da ke ƙarƙashin gonakinsu ya fi gero tsada, sai suka tasam ma haƙa. Akan ɗauko dutsen a buhu a kawo shi cikin gari, a farfasa da guduma, a niƙa a injin irin wanda ake niƙa hatsi da shi, wani kuma mata su daka a turmi, a shanya a tsakar gida. Sa'an nan a wanke garin da ruwa, a zuba masa zaiba a cuɗa. Zaiba takan kama ƙwayoyin zinariya ta dunƙule da su; a matse dunƙulen a ƙyalle, a ƙona shi, zaibar ta tashi hayaƙi, zinariya ta saura.

Ashe dutsen nan cike yake da dalma. Asalinsa irin dutsen da ake yin kwalli da shi ne, watau dalma haɗe da farar wuta. Amma ruwa da iska na shekaru aru-aru sun riga sun juyar da mai yawa daga cikinta zuwa wani irin gishirin dalma wanda ruwan tsamin cikin mutum yake narkar da shi nan da nan. Ƙurar niƙa kuwa ba inda ba ta shiga, har ɗakin kwana da kwanon tuwo. Yaro mai rarrafe, wanda kome ya taɓa sai ya kai baki, shi ya fi kowa kwasa, jikinsa kuma ya fi na babba saurin zuƙe dalma. A lokacin, ƙa'idar Amurka ga ƙasar da yara ke wasa a kai ita ce kada dalma ta wuce kashi 400 cikin miliyan. A waɗansu wurare na waɗannan ƙauyuka an auna an sami fiye da kashi 100,000. Yara suka riƙa amai da ciwon ciki, sa'an nan jijjiga da suma. Aka zaci zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, har cikin watan Maris na 2010, sa'ad da likitocin ƙungiyar MSF suka lura maganin zazzaɓi ba ya aiki, aka aika da jini aka gwada.

Gyaran ya ci wahala da dukiya. Yaran da dalma ta yi yawa a jininsu aka riƙa ba su wani magani mai kama ta ya fitar da ita ta fitsari, amma banza ne a warkar da yaro a mai da shi gidan da ya sa masa ciwon. Saboda haka ma'aikatan TerraGraphics da na Blacksmith, tare da hukumar jiha da mutanen gari, suka bi gida gida suna kankare ƙasar sama, a binne ta a rami, a zuba sabuwa. An yi wa Tungar Guru wannan aiki tsakanin ƙarshen 2010 da farkon 2011, Bagega kuwa sai 2013. Sarakuna suka yi umarni a fitar da injinan niƙa bayan gari.

To, a nan ne batun sabon ilmin haɗa sinadarai ya shigo. Masana kimiyya sun daɗe suna ɗaukar dattin masana'anta a kan abin da ba makawa, a yi haɗi tukuna, a nemi inda za a zubar da saura daga baya. Abin da ya auku a Minamata ta ƙasar Japan yana cikin abubuwan da suka girgiza wannan ra'ayi. Kamfanin Chisso yana amfani da zaiba wajen haɗa wani sinadari mai suna asitaldihaid, yana zubar da ruwan dattin a teku. Kifi ya ci, masunta suka ci kifi, aka gane ciwon a 1956, ba a daina wannan haɗi ba sai 1968. Alhali kuwa tun wajen 1959 Jamusawa sun gano hanyar yin sinadarin nan ba tare da zaiba ko kaɗan ba. A 1998 waɗansu Amurkawa biyu, Paul Anastas da John Warner, suka tsara ƙa'idodi 12 na haɗin da ba ya ɓata ƙasa. Ta farko ita ce hana datti tun daga tushe ya fi share shi. Wata kuma tana cewa a tsara haɗi yadda yawancin kayan da aka zuba za su ƙare cikin abin da ake nema. Misali, maganin ciwon jiki ibuprofen da ana yinsa a mataki shida, kashi 40 cikin ɗari kaɗai na kayan ke shiga maganin. A 1992 aka soma yinsa a mataki uku, abin ya kai kashi 77.

Mai karatu ya iya cewa ina ruwan mai haƙar zinariya da masana'antar Turai. Amma wanda ya cuɗa zaiba da garin dutse ya ƙona, lalle haɗin sinadarai yake yi, ko da bai taɓa shiga aji ba, kuma ƙa'idodin nan sun hau kansa. A ƙididdigar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2018, ƙananan masu haƙar zinariya su ke fitar da kimanin kashi 38 cikin ɗari na zaibar da ɗan Adam ke saki a iska. Domin haka yarjejeniyar Minamata ta 2013, wadda Nijeriya ta tabbatar a 2018, ta ambace su musamman.

Dabarun da ake koya musu ba masu wuyar ganewa ba ne. Mafi amfani a kan dalma shi ne a jiƙa dutsen yayin niƙa. An gwada haka a Shikira ta Jihar Neja, inda irin wannan masifa ta kashe yara 28 a 2015: da aka sa feshin ruwa a bakin injin, dalmar da ke cikin iska ta ragu da kimanin kashi 95 cikin ɗari. Sai dai taɓon da ya saura, in ya bushe ya koma ƙura, ruwa kuma da rani abin nema ne. A kan zaiba kuwa, akwai rufaffiyar tukunya mai bututu wadda ake ƙona dunƙulen a ciki. Zaiba tana tafasa a zafin digiri 357, zinariya ba ta narkewa sai 1,064, saboda haka hayaƙin zaibar yakan bi bututu ya huce a ruwa, a sake amfani da ita.  Akwai kuma hanyar barin zaiba ɗungum, wadda masu haƙa a Benguet ta ƙasar Filifin suka daɗe suna bi: a yi ta wankin garin har nauyin zinariya ya rabe ta da yashi, sa'an nan a narka da gishirin borakis. Amma fa a Zamfara sai an yi hattara, gama dutsen dalma ma mai nauyi ne, yakan kwanta tare da zinariya, narka shi kuma hayaƙin dalma ne.

Wani cikas na koyarwar yana cikin harshe. Hausa ba ta rasa kalmomi ba: dalma da zaiba tsofaffi ne, sinadari ma da abin da maƙeran farfaru ke liƙa ƙarfe da shi ake nufi, kafin rediyo da makaranta su faɗaɗa ma'anarsa. Wadda ke ba da wuya ita ce guba. Ga Bahaushe guba abu ne da ake ci ko a harba a kibiya, ya kayar da mutum nan take. In aka ce wa magidanci ƙurar da ya yini a cikinta guba ce, alhali yana ji garau, ba zai gaskata ba. Sai an bayyana masa cewa dalma taruwa take yi a ƙashi da jini, tana dakushe ƙwaƙwalwar yaro ko da bai kwanta ciwo ba, kuma rigar aikin da ya koma gida da ita ta isa ta kai wa ɗansa.

A watan Afrilu na 2019 Gwamnatin Tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara saboda 'yan bindiga, ba ta ɗage hanin ba sai Disamba 2024. Haƙa dai ba ta tsaya ba a tsakanin, koyarwa ce ta yi wuya, gama wanda ke aiki a ɓoye ba ya zuwa taron malami. MSF kuma ta miƙa aikin jinyar yaran ga hukumar jiha a watan Fabrairu na 2022, bayan kusan shekara 12.