Makomar Ɗinkin Gida

Idan kun koma gida yau, ku leƙa ɗakin mahaifiyarku ko na kakarku. A gidaje da yawa na ƙasar nan za ku tarar da wani baƙin keken ɗinki a kusurwa, an lulluɓe shi da zane. Wataƙila ma an ɗora masa kwanuka ko rediyo, ya koma tebur. Ku tambayi mai ɗakin yaushe rabon da a taka shi. Sau da yawa za ta ce muku, "Ai an daɗe."

Na taɓa tambayar wani aji da nake koyarwa, "Wa zai iya mayar da maɓallin rigarsa idan ya cire?" Hannuwa kaɗan ne suka tashi. Sauran suka ce tela za su kai wa. Da na sake tambaya ko kakanninsu sun iya, kusan kowa ya ce sun iya. Ke nan tsakanin kaka da jika akwai wani ilmi da yake neman ɓacewa. A wannan darasi za mu duba abin da ya jawo haka, sannan mu ga inda ɗinkin gida ya dosa.

Larura, sana'a da sha'awa

Dalilai uku ne suke sa mutum ya ɗauki allura da zare. Na farko larura, wato ba shi da wata hanyar samun sutura sai ya ɗinka da kansa. Na biyu sana'a, kamar tela da yake ɗinka wa mutane su biya shi. Na uku sha'awa, wato mutum yana ɗinki a lokacin hutunsa don aikin yana faranta masa rai, ko da yana da kuɗin sayen riga a kasuwa. Wannan na uku shi ne batunmu, amma ba za mu fahimce shi ba sai mun san yadda ɗinki ya tashi daga larura ya koma sha'awa.

Yadda keke ya shiga gidaje

Shekaru dubbai mutane suna ɗinki da hannu, kuma riga ɗaya takan ci kwanaki. A shekarar 1846 wani Ba'amurke mai suna Elias Howe ya yi rajistar keken ɗinki mai aiki da zare biyu. Allurar hannu kafarta tana can baya, amma allurar keke kafarta tana kusa da tsini. Idan allurar ta huda yadi, sai ta kai zaren sama ƙasa, can ya sarƙe da wani zare da yake fitowa daga kwarkwaro. Wannan sarƙewa ita ce take sa ɗinkin keke ya yi ƙarfi. Har yau kekunan da ke gidajenmu da wannan dabara suke aiki.

A 1851 Isaac Singer ya fito da nasa keken. Bayan 'yan shekaru kamfaninsa ya fara sayar wa mutane a kan su riƙa biya kaɗan-kaɗan, sai masu ƙaramin ƙarfi ma suka iya mallakarsa. A 1863 kuma Ebenezer Butterick ya fara sayar da takardu masu siffar sassan riga, manya da ƙanana. Mai ɗinki sai ta shimfiɗa takardar a kan yadi ta bi ta yanka. Da keke da takardar yanka, matan Amurka da na Turai suka riƙa ɗinka wa iyalansu tufafi a gida.

Daga baya keke ya iso Nijeriya ta hannun 'yan kasuwa da makarantu. Da farko Singer aka fi sani, sannan Butterfly na ƙasar Sin ya cika kasuwa saboda ya fi sauƙin kuɗi. A wurare da yawa keken ɗinki ya shiga cikin kayan da iyaye suke saya wa amarya, domin ta riƙa ɗinka wa 'ya'yanta, ta kuma sami ɗan abin kashewa. Sai dai mu a nan ba mu cika amfani da takardar yanka ba. Tef da alli da almakashi su ne kayan yankanmu.

Me ya sa ɗinkin gida ya ja baya?

A Turai da Amurka babban dalili shi ne arahar tufafin kanti. Da manyan masana'antun ɗinki suka koma ƙasashen Asiya, irin su Sin da Bangladash, sai sayen riga ɗinkakkiya ya fi sayen yadi sauƙi. Mata da yawa kuma suka fita aiki, lokacin zama gaban keke ya ragu.

A Nijeriya dalilan sun ɗan bambanta. Na ɗaya, tela yana kusa da kowa. Da wuya ku sami unguwar da babu shagon ɗinki. Akwai ma teloli masu yawo da keke a kafaɗa suna kaɗa almakashi, waɗanda a kudu ake kira obioma. Na biyu, gwanjo, wanda wasunku suka sani da sunan okirika. A kasuwa irin ta Katangowa da ke Legas mutum yakan sami riga da kuɗin da ba zai saya masa yadi ba. Na uku, tsadar yadi. An buɗe babbar masaƙar Kaduna a 1957, wasu masaƙu da yawa suka biyo bayanta a Kaduna da Kano da Legas. Yawancinsu sun daina aiki. Yau mafi yawan yadin da ake sayarwa a Kantin Kwari na Kano ko a Balogun ta Legas daga waje ake shigo da shi, don haka farashinsa yana bin farashin dala. Na huɗu, lokaci. Makaranta da aiki da talabijin da waya sun cinye sa'o'in da a da yarinya take zama kusa da mahaifiyarta tana koyon riƙe allura.

Abubuwan da suke dawo da shi

Duk da haka ɗinkin gida bai mutu ba. Wayar da ta ɗauke hankalin matasa ita ce kuma ta zama malamar ɗinki. A YouTube akwai bidiyo masu koyar da awo da yanka da sa zif, da Turanci da Hausa da Yarbanci da Ibo. Wanda ba shi da mai koya masa a gida yana iya kallo, ya tsayar, ya maimaita har ya gane. A Ingila kuma, tun 2013 gidan talabijin na BBC yake nuna wata gasa mai suna The Great British Sewing Bee. Masu shiga gasar, maza da mata, ba teloli ba ne, mutane ne masu ɗinki a gida don sha'awa.

Shekarar 2020 ma ta koya wa duniya darasi. Da cutar korona ta ɓarke, takunkumin rufe hanci da baki ya yi ƙaranci. Sai mutane a ƙasashe da dama suka kakkaɓe tsofaffin kekunansu suka hau ɗinki. A nan gida an ga takunkumai na atamfa a ko'ina, wasu daga telolin Aba, wasu daga ɗakunan matan aure. Hausawa suna cewa, "Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni." Wanda ya iya ɗinki a lokacin bai jira kowa ba.

Tsadar rayuwa ita ma tana tura mutane ga allura. Idan sabon wando ya fi ƙarfin aljihu, dole a gyara tsohon. Haka nan duk wanda ya taɓa kai ɗinkin Sallah ko na Kirsimeti ya san yadda aiki yake yi wa teloli yawa a lokacin, har wani ya wayi gari ranar biki kayansa ba su fito ba. Keken ƙafa kuma yana da wata fa'ida da ta dace da ƙasarmu: ba ya bukatar wutar lantarki. Man keke kaɗan da sabuwar allura sun isa su tayar da keken da ya shekara goma a ajiye.

Ina aka dosa?

Ba a sa ran zamanin da uwa take ɗinka wa gida duka tufafinsu zai dawo. Kanti da gwanjo da tela sun riga sun ɗauke wannan nauyi. Ɗinkin gida zai rayu ne a wuraren da kasuwa ta gaza.

Wuri na farko shi ne gyara. Rigar gwanjo ba don ku aka ɗinka ta ba. Takan yi yawa a kafaɗa ko ta yi tsawo a hannu. Wanda ya iya rage ta, ya kalmashe bakinta, ya sauya mata maɓalli, ya sami riga daidai jikinsa da kuɗi kaɗan. Yana kuma rage tsummokaran da suke toshe magudanan ruwa a biranenmu.

Wuri na biyu shi ne ado na hannu. A Kano da Zariya da Maiduguri za ku ga mutum zaune a zaure ko a gindin bishiya yana ɗinkin hula, yana hira da abokansa. Hula ɗaya takan ɗauki makonni. Akwai injin da yake yin irin wannan aiki cikin ɗan lokaci, amma har yanzu hular hannu ta fi daraja da tsada, domin masu saye suna gane bambancin. Haka abin yake ga aikin babbar riga, irin su aska biyu da aska takwas. Ku lura da wani abu a nan: a ƙasar Hausa ɗinki bai taɓa zama aikin mata kaɗai ba. Tun da can maza ne suka fi yin ɗinkin riguna da huluna. Saboda haka kada ɗalibi namiji ya ce allura ba tasa ba ce.

Wuri na uku shi ne natsuwa. Ɗinki yana bukatar ido da hannu da haƙuri a lokaci guda. Mai ɗinki ba zai iya riƙe waya ba. Da yawa daga masu yinsa don sha'awa suna cewa abin da suke nema ke nan: su zauna sa'a guda shiru, su tashi da wani abu da suka yi da hannunsu.

A ƙasarmu kuma tazarar da ke tsakanin sha'awa da sana'a ba ta da yawa. Yarinyar da ta ɗinka wa kanta jaka, gobe ƙawarta za ta ce ta yi mata irinta, jibi wata za ta tambayi farashi. Wannan alheri ne, amma ba dole ba ne kowa ya zama tela. Likita ko lauya ma yana iya jin daɗin ɗinka wa ɗansa riga.

Akwai abu ɗaya da zai iya yanke wannan makoma, shi ne rashin mai koyarwa na kusa. Bidiyo yana nuna muku yadda ake yi, amma ba ya ganin hannunku. Ba zai ce muku kun ja zare da yawa ba, ko kun karkatar da almakashi. Wannan sai mutumin da yake zaune kusa da ku. Mutanen da suka fi sanin waɗannan ƙananan dabaru tsufa suke yi. Idan jikokinsu ba su tambaye su ba, za su tafi da abin da suka sani.

Ta ina za ku fara?

Ba sai kuna da keke ba. Ku nemi allura da zare baƙi da fari da almakashi da tef. Ku fara da mayar da maɓalli. Daga nan ku koyi kalmasa, sannan faci. Idan hannunku ya faɗa, ku karɓi ragowar ƙyallaye wurin tela ku ɗinka rigar matashin kai ko 'yar jakar littattafai. Ɗinkinku na farko zai karkace, na kowa ma haka ya yi. Ku warware ku sake. Ku riƙi darasin tattalin gida na makaranta da muhimmanci, ku maza da mata. In kuwa akwai keke a gidanku, ku roƙi mai shi ta buɗe muku, ta nuna muku yadda ake zura zare.

Ma'anar wasu kalmomi

larura: bukatar da ba makawa sai an biya ta
kafar allura: ɗan ramin da ake zura zare a ciki (kada ku haɗa ta da ƙafa, wadda ake tafiya da ita)
kwarkwaro: ɗan abin da ake naɗa zaren ƙasa a jikinsa a keken ɗinki
gwanjo: tufafin da wani ya riga ya sa, ake sake sayarwa
masaƙa: wurin da ake saƙa yadi
kalmasa: naɗe bakin yadi a ɗinke shi don kada ya warware
faci: ƙyallen da ake ɗinkawa a rufe inda tufa ta yage

Tambayoyi

1. Waɗanne dalilai uku ne suke sa mutum ya yi ɗinki?
2. Mene ne bambancin allurar hannu da allurar keke?
3. Ku kawo dalilai biyu da suka sa ɗinkin gida ya ja baya a Nijeriya.
4. Me ake nufi da karin maganar nan, "Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni"? Akwai mai kama da ita a harshenku?
5. Ku tambayi wani babba a gidanku yadda ya koyi ɗinki, ku rubuta amsarsa cikin jimloli biyar na Hausa.